Tambaya da Amsa: Kujerar Injin Ɗan Jirgin Ruwa Mai Rimot

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ƙera ɗan jirgin ruwa na katako mai tsawon santimita 60, na sa masa injin da na ciro daga tsohon injin huda mai batir. Gam mai kama da kyandir na manne shi da shi. Bai yi minti biyar a tafki ba ya ɓalle. Wace irin kujera zan yi masa? Daga wani ɗalibi a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan gam da zafi ake narkar da shi, to ga inji yana zafi, me zai hana ya saki? Inji ba a manne shi, ɗaure shi ake yi.

Galibin injinan da ke cikin irin wannan injin huda masu lamba 540 ne ko 550. Faɗin jikinsu milimita 36, kaurin sandarsu 3.17, a fuskarsu kuma akwai ramuka biyu na sukuru M3, wato mai kaurin milimita 3, da tazarar milimita 25 tsakaninsu. Ta nan ake kama su. Je wajen masu haɗa tagogin alminiyam ka nemi guntun alminiyam mai lanƙwasa kamar harafin L, kaurinsa milimita 3, faɗinsa kamar 45. Gwangwani ko ƙarfen kwanon rufi ba za su yi ba, lanƙwashewa suke idan inji ya ɗauki gudu. A ɓangaren da ke tsaye ka huda rami na milimita 13 inda wuyan inji zai shiga, da ƙananan ramuka biyu na 3.2. Ka ɗan ja duka ramukan uku da magagari su yi tsawo sama da ƙasa, don ka samu damar ɗaga inji ko sauke shi kaɗan.

Ka kula da tsawon sukurun. Kada ya shige cikin inji fiye da milimita 3. Idan ya zarce zai taɓa naɗin wayar da ke juyawa a ciki, inji ya ƙone nan take. Ga alminiyam mai kaurin 3, sukuru mai tsawon 6 da washa ya isa. Ɗan giya mai haƙora da ke kan sandar injin kuwa zaro shi ake yi a hankali. Bugun guduma yana tanƙwara sanda.

Ƙafar kujerar ba a jikin jirgi kai tsaye take zama ba. Ka yanka katakai biyu masu tauri, ka shafe su da gam mai haɗi biyu irin Araldite don kada su sha ruwa, ka ɗaure ƙafar a kansu da sukuru huɗu. Su katakan ne za a manne da cikin jirgi, bayan ka kankare wurin da sanfefa ka share ƙura.

Sai dai kada ka manne tukuna, don a nan mafi yawan mutane ke kuskure. Sandar farfela ita ce uwa, inji ke bin ta. Ka fara kafa bututun sandar farfela ya bushe, karkatarsa kada ta wuce digiri 10 zuwa 15. Sa'an nan ka haɗa sandar inji da ta farfela da mahaɗi sandararre, wanda ba ya lanƙwasa, mai rami 3.17 a gefe ɗaya da 4 a ɗayan, idan sandar farfelarka mai kaurin 4 ce. Yanzu inji da kujerarsa suna rataye daidai inda ya kamata su zauna. Ka sassaƙe katakan ko ka cusa siraran ɓawon katako har su taɓa ƙasan jirgi ba tare da ka danna ba. Juya farfela da yatsa: idan tana tafiya sumul ba inda take cijewa, ka zuba gam. Ka zaɓi mai jinkirin bushewa, ka bar shi awa 24. Mai kamawa cikin minti biyar ba ya jure zafi da ruwa kamarsa.

Tambaya: Malam, kujerar injina ba ta motsi ko kaɗan, amma jirgin yana kuka yana jijjiga, batir kuma ba ya daɗewa. Daga wani mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarfin kujera daban, saiti daban. Sandunanka biyu ba sa kan layi ɗaya, sai inji yana ɓata ƙarfinsa wajen murɗa sanda da cin boris. Tunda kana da mitar auna wuta, sa ta tsakanin batir da inji, ka kunna a ƙaramin gudu jirgi yana kan tebur. Sassauta sukurun fuska, ka riƙa motsa inji kaɗan-kaɗan. Inda wutar da yake ja ta fi sauka, kukan ma ya lafa, nan ne saiti, sai ka ɗaure. Mahaɗi mai lanƙwasa yana ɓoye ƙaramin kuskure ne kawai, ba ya gyara babba.

Ka duba abu guda kuma: turin farfela bai kamata ya kai ga inji ba. Sa washa tsakanin farfela da bakin bututu, ita za ta ɗauki turin ta miƙa wa jikin jirgi. Robar tiyub a ƙarƙashin kujera tana rage ƙara, amma idan ta wuce kaurin milimita 2 saiti zai riƙa gocewa.

Tambaya: Ko kujerar roba da ake bugawa da na'urar 3D za ta yi? Daga wata malamar kimiyya a Mirya.

Amsa: Malama, idan robar PLA ce, tana fara laushi wajen digiri 60. A watan Afrilu da Mayu iskar nan kanta tana haura 40, balle cikin rufaffen jirgi da ke zaune a rana. PETG ko ABS sun fi ta juriya, alminiyam kuwa ya fi su duka don yana janye zafi daga jikin inji. Ki gwada da yatsa bayan gudun minti uku: idan ba ki iya riƙe inji daƙiƙa biyar ba, ki rage girman farfela, ko ki naɗa masa siririn bututun jan ƙarfe da ruwan tafki zai riƙa bi ta ciki. Ruwan damina yana da laka, don haka bayan kowane wasa a busa bututun kafin ta bushe ta toshe shi.