Cire sifirin mota a gida: ina ribar take?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da albasa a Marwa ya aiko min da tambaya. Yana da ƙaramar mota Corolla da yake zagaya kasuwannin ƙauye da ita, wani lokaci har Mora. Sifirin ƙafar gaba, wanda makanikan nan ke kira resor, ya karye masa sau biyu a bana, kuma kuɗin aiki ya ishe shi. Maƙwabcinsa ya ce masa ai ba wani abu ba ne, a ɗaure sifirin da waya ko igiya mai ƙarfi, a kwance noti, shi ke nan. Yana so ya san ko ya riƙa yi a gida ya adana kuɗinsa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar waya da igiya kam, don Allah ka bar ta. Na taɓa ganin yaron gareji a Garwa da aka yi wannan dabarar a gabansa, wayar ta tsinke, ƙarfen ya same shi a muƙamuƙi. Wata biyu bai ci tuwo ba, sai kunu. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin kuɗin da aka so a rage ranar bai kai kuɗin allurar farko ba. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Ga dalilin. Motarka ta haura tan ɗaya, kuma injin yana gaba, saboda haka kowace ƙafar gaba tana ɗauke da kilo 300 ko fiye. Sifirin da ke riƙe wannan nauyi yana nannaɗe a jikin shokozoba, a matse tsakanin faranti biyu. Ko ka ciro shi daga mota ka ajiye a ƙasa, matsin yana nan. Babban noti ɗaya na tsakiya, a can sama, shi ne kawai ya tare shi. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da ya danne sifirin da abin da aka ƙera don haka ba, faranti da noti za su tashi da ƙarfin da zai fasa ƙashi.

Amma aikin kashi biyu ne, kuma a nan ribarka take. Kashi na farko, ciro shokozoba ɗungurungum da sifirinsa a jiki, mai hankali zai iya yi a gida. Ka tsayar da mota a daɓe mai tauri, ba a kan yashi ba, ka sa wa tayoyin baya waigi. Ka ɗaga da jak, sannan ka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota, domin jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulo kuma yana farfashewa. Ka cire taya, ka saki tiyon birki daga maƙalarsa a jikin shokozoba don kada ya ja, ka kwance ƙaramin sandan da ke haɗe da shi idan akwai, sai manyan kusoshi biyu na ƙasa. A sama, cikin bonet, ƙananan noti uku na gefe za ka kwance. Na tsakiya kada sifana ta taɓa shi. Ka ɗauki abin gaba ɗaya a bayan babur ka kai wa makanike mai abin matsa sifirin, ya musanya maka a gabanka. Kuɗin wannan bai kai na cikakken aiki ba, kuma kashi mai haɗarin ya koma hannun wanda ya saba.

Idan kuwa ka nace sai ka yi duka da kanka, to sai ka sayi abin matsa sifirin na gaske: sanduna biyu masu zare da ƙugiyoyi. Ana kafa su daura da juna, a shafa wa zaren giris, a riƙa ɗaure wannan kaɗan, a koma wancan kaɗan, da hannu, har sifirin ya saki faranti yana motsi. Sai a lokacin ake taɓa notin tsakiya. Kan shokozoba ya kalli bango, ba kai ba, kuma yara su bar tsakar gidan. Kada ka bar sifirin a matse ya kwana. Abin matsawa mai araha da ƙugiyarsa ta fara buɗewa ko zarensa ya cinye, ka bar wa mai shi kayansa.

Yanzu mu zo lissafi, tunda shi ka tambaya. Ka haɗa kuɗin abin matsawa da na ƙafafun tokarewa biyu da sifanun da ba ka da su, ka raba da abin da makanike ke karɓa a aiki ɗaya. Abin da ya fito shi ne yawan aikin da za ka yi kafin kayan su biya kansu. Ga mai mota ɗaya, wannan shekaru ne. Ka ƙara da yinin da za ka rasa a kasuwa, ga albasa ba ta jiran mutum idan zafi ya kama. Sannan ko wa ya yi aikin, sai an kai motar saitin ƙafafu, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya. Da a ce motoci uku ko huɗu gare ku kai da abokan cinikinka, da na ce ku haɗa kuɗi ku sayi kayan, ku damƙa wa makanike ɗaya da kuka yarda da shi bisa sharaɗin ya riƙa yi muku ragi.

Abin da ya fi damuna shi ne karyewa sau biyu a shekara ɗaya. Sifirin kirki yana shekaru. Ko dai lodi ya wuce ƙarfin motar a kan ramukan hanyar Mora, ko shokozoba ya mutu ya bar sifirin yana shan duka shi kaɗai, ko kuma na hannu ake sa maka wanda tsatsa ta riga ta ci. Ka sa a duba shokozoba ko yana yoyon mai. Idan za ka sayi sifirin, ka sayi biyu, dama da hagu, ka jera su a ƙasa ka ga tsayinsu ɗaya, babu tsaga, babu alamar wuta. Wanda aka yanke ko aka gasa da walda don ya shiga, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Kuma ka fara rubuta buhu nawa kake ɗorawa a kowace tafiya, ka kawo min tare da abin da ka kashe a gyara bana, mu ga ko ranar babbar kasuwa hayar akori-kura ta fi maka sauƙi.