An ce an kawar da tundurmi a Filato, me ya hana kumburin ƙafar Baba sacewa?

Tambaya: Anti, na ji a rediyo wai an kawar da ciwon tundurmi a jihar Filato. To ga mahaifina nan, shekara da shekaru ƙafarsa ta hagu kamar turmi, wani lokaci zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku. Ko dai faɗa ce kawai? Kuma jikokinsa da ke kwana ɗakinsa za su ɗauka? Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar gaskiya ce. A 2017 aka bayyana cewa Filato da Nasarawa sun tsayar da yaɗuwar cutar, bayan shekarun da ma'aikatun lafiya da Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, suka yi tun daga 2000 suna rabon magungunan Mectizan da albendazole, ga kuma gidajen sauro. Ina cikin waɗanda suka zaga ƙauyuka da sandar awo, yaro ya jingina da ita, tsawonsa ya nuna mana ƙwaya nawa zai sha. Ba ma fashin shekara, domin uwar tsutsar da ke haddasa cutar kan yi shekara 6 zuwa 8 a jiki tana zuba 'ya'ya a jini, sauro ya kwasa da dare ya kai wa wani. Wannan hanyar aka toshe.

Amma ɓarnar da tsutsar ta riga ta yi wa hanyoyin ruwan jiki ba ta gyaruwa da ƙwaya. Shi ya sa ƙafar Baba take yadda take. Abin da ke damuna ke nan: an yi murna an watse, an bar irinsu Baba a zaure.

Zazzaɓin nan ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta tsagar fata, kuma duk zuwansa kumburin ƙaruwa yake. Don haka ki riƙa wanke masa ƙafar safe da yamma da sabulu da ruwa mai tsabta, ki tsane ta da ƙyalle mai laushi, musamman tsakanin yatsu da cikin ninkin fata inda danshi ke maƙalewa. Idan ya zauna, a ɗora ta kan kujera. Da dare a sa matashi. Ya riƙa motsa yatsun, kada ya fita ba takalmi. Don Allah kada a kai shi wajen wanzami a tsaga, ko a yi ƙaho. Zazzaɓi ya tashi, asibiti.

Tsutsar nan kan jawo gwaiwa ma, idan akwai, kada kunya ta hana ya faɗa wa likita, ana yi mata tiyata ta warke.

Jikoki kuwa, ba a ɗauka ta taɓawa ko cin abinci kwano ɗaya. Ki bar su su yi ta hawa jikin kakansu, ki dai saukar musu da gidan sauro kafin su kwanta.