Tambaya da Amsa: Macijin da Ke Kaɗa Wutsiyarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Gusau, kuma ɗalibaina sun ci karo da kalmar "rattlesnake" a littafin Turanci. Mece ce ma'anarta, kuma shin akwai wannan maciji a ƙasarmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kalmar haɗin kalmomi biyu ce: ta farko tana nufin abin da ke ƙara idan an girgiza shi, irin kacau-kacau na wasan yara, ta biyu kuma maciji ce. An raɗa masa sunan ne saboda wasu busassun zobba da ke sarƙe da juna a ƙarshen wutsiyarsa, waɗanda yake kaɗawa da sauri idan ya ji mutum ko dabba sun matso kusa.

Babu shi a Afirka. Mazauninsa nahiyar Amurka ce kaɗai, tun daga kudancin Kanada har zuwa Ajantina, kuma ya fi yawa a ƙasar Meziko da kudu maso yammacin ƙasar Amurka, inda jihar Arizona ita kaɗai take da nau'i 13. Gaba ɗaya nau'o'insa sun haura 30, mafi girmansu kuwa yakan kai kusan mita 2.4.

Zobban nan su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu idan za ka yi wa yara bayani. Daga sinadarin da ke yin farcen mutum aka yi su, kuma babu komai a cikinsu. Gogar junansu ce ke haifar da ƙarar. Ana haihuwar ɗan macijin da ɗan ƙwaya guda a wutsiya wadda ba ta ƙara, sai duk lokacin da ya yi saɓa a samu ƙarin zobe ɗaya. Wannan ne ya sa wasu ke zaton ana gane shekarunsa ta ƙirga zobban, alhali maciji na iya yin saɓa fiye da sau ɗaya a shekara, tsofaffin zobba kuma sukan karye su faɗi. A ganina abin da ya fi muhimmanci yara su fahimta shi ne ƙarar gargaɗi ce, domin macijin ya fi son a ba shi hanya da ya yi sara, ko da yake ba kullum yake gargaɗin ba.

Yana da wani ɗan rami tsakanin ido da hanci a kowane gefe, wanda yake jin ɗumin jikin ɓera ko zomo da shi ko a cikin duhu. Macen ba ta saka ƙwai a waje, 'ya'ya take haifa masu rai, kuma da dafinsu suke zuwa duniya. Dafin yawancinsu yana lalata nama da jini, na wasu kuma yana taɓa jijiyoyi.

Danginsa dai suna nan tare da mu, domin shi da kububuwa da kasa duk gida ɗaya masana suka sa su. Kububuwa ma tana da nata gargaɗin, sai dai ita goga ɓawon jikinta take yi da juna. A ƙasar Amurka macizai masu dafi na saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara, amma waɗanda ke mutuwa kusan 5 ne kawai, saboda ana kai su asibiti da wuri kuma akwai allurar kashe dafi. Don haka ka haɗa wa ɗalibanka da wannan darasi: wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau, a hana shi yawan motsi a garzaya da shi asibiti.