Dalilin da Ya Sa Orphée aux enfers Yake da Siga Biyu

Malama, kin tambayi abin da ya sa ake nuna wannan wasan waƙa na barkwanci wani lokaci kashi biyu, wani lokaci huɗu. Jacques Offenbach, wanda ya tsara kiɗan wasan, ya fara gabatar da shi kashi biyu a ƙaramin gidan wasa na Bouffes-Parisiens da ke birnin Paris, ranar 21 ga Oktoba, 1858. Mai sharhi Jules Janin ya caccake shi da cewa ya wulaƙanta al'adun Girkawan dā, amma sukar ta ƙara janyo 'yan kallo har aka nuna shi sau 228. A 1874 Offenbach ya faɗaɗa shi zuwa kashi huɗu a gidan wasa na Gaîté, ya ƙara mawaƙa da 'yan rawa. Ni dai na fi son sigar farko, domin barkwancinta ya fi kaifi.