Tambayoyinku: Shin amfilifaya mai araha tana biyan buƙatar gida?

A wannan fitowar mun ware filin ga wasiƙun da suka taru a kan kayan sauti na gida, musamman amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin mai haɗe da rediyo wadda masu shago ke kira risiba. An taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na je sayen kayan sauti na falo, sai mai shago ya nuna mini wani saiti mai sifikoki biyar da wufa, wato sifikar kakkauran sauti, an rubuta wat 5,000 a kwalinsa. Ya kuma nuna mini risiba ta Yamaha mai wat 100 kacal, wadda ta fi wancan tsada ko da ba a haɗa ta da sifika ba. Ta yaya wat 100 zai fi wat 5,000 kuɗi?

Amsa: Malam, idan ka koma shagon, ka roƙi mai shi ya juya maka bayan saitin nan, ka duba ɗan rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga. A nan ake rubuta yawan wutar da na'urar ke ja daga bango, kuma a irin waɗannan saitoci da wuya ka ga adadin ya kai wat 100. Na'ura ba ta iya fitar da ƙarfin da ya wuce wanda ta sha, hasali ma wani kaso na abin da ta sha yana tafiya ne a zafi. Saboda haka wat 5,000 ɗin nan, wanda galibi za ka ga haruffan PMPO a gefensa, lamba ce ta talla wadda babu wata ƙa'idar awo da ta ɗaure ta, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama.

Wannan ruɗu ya daɗe. Tun a shekarar 1974 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa doka cewa duk mai tallar amfilifaya ta gida sai ya faɗi ƙarfin da take iya bayarwa ba yankewa, ya kuma bayyana sharuɗɗan da aka bi wajen awon. Shi ya sa kamfanonin da suka san ciwon kansu ke rubuta lambar tare da bayani. Yamaha R-S202, alal misali, tana ba da wat 100 ga kowace ɗaya daga cikin sifika biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya), kuma gurɓatar sautinta ba ta wuce kashi 0.2 cikin 100 ba. Ko a wurin manyan kamfanonin ma sai mutum ya buɗe ido. Denon AVR-S570BT tana da lambobi biyu: wat 70 idan an auna ta da sifika biyu a kan dukkan zangon sautin da kunne ke ji, da kuma wat 140 idan an auna sifika ɗaya tak, a kan sauti guda, aka kuma bar gurɓatar ta kai kashi 10 cikin 100. Ta farkon ita ce ta gaskiya, ta biyun kuwa ita ce wadda ɗan kasuwa ya fi son ka gani.

Akwai kuma abin da nake so ka riƙe, domin zai hana ka kashe kuɗi a banza. Kunne ba ya jin ƙarfin sauti daidai da yadda wat ke hauhawa. Idan aka ninka wat sau biyu, ƙarar da za ta ƙaru desibel 3 ce kawai (desibel shi ne ma'aunin ƙara), wato ɗan ƙari ne da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba, kuma kafin ka ji kamar sauti ya ninka sai an ninka wat ɗin kusan sau goma. Bambancin risiba mai wat 70 da mai wat 100 bai kai desibel 2 ba. Sifikar gida ta yau da kullum tana fitar da kusan desibel 88 da wat ɗaya tak idan ka tsaya mita ɗaya daga gare ta, kuma wannan ƙara ce da za ta sa mutum biyu su ɗaga murya kafin su ji juna. Wanda ke zaune a falo yana sauraron labarai ko karatun Alƙur'ani ko waƙa, 'yan wat kaɗan yake amfani da su. Sauran ajiya ce domin lokacin da ganga ta buga ko sautin fim ya tashi farat ɗaya.

Shawarata ita ce ka ɗauki risibar, amma kada ka ƙarar da kuɗinka a kanta. Tsakanin risiba mai araha ta kamfanin kirki da wadda ta ninka ta kuɗi sau uku, bambancin da kunne zai kama a falo ɗan kaɗan ne. Tsakanin sifika mai kyau da marar kyau kuwa, ko yaro zai ji shi. Idan kuɗin ya kasu uku, kashi biyu su tafi ga sifikoki.

Tambaya: Ni uwargida ce a Kaduna. Maigida ya bar mini zaɓi tsakanin risiba mai sifika biyu da mai sifika biyar. Yara suna son ta biyar saboda fim, ni kuwa rediyo da wa'azi da waƙoƙi na fi saurara. Wacce ta fi dacewa da kuɗinta?

Amsa: Hajiya, ki fara duba abin da za ki haɗa da ita. Masu sifika biyu na araha, irin su Sony STR-DH190 da Yamaha R-S202, an sayar da su a Amurka a kusa da dala 200, wani lokaci ƙasa da haka. Dukansu suna karɓar sauti daga wayar hannu ta Bluetooth, kuma suna kama FM. Ta Sony tana da ƙarin kafar garmaho ga mai tsofaffin fayafayai, ta Yamaha kuma tana kama AM. Rauninsu ɗaya ne: ba su da kafar HDMI ko ta wayar haske, alhali yawancin talabijin na zamani sun daina zuwa da kafofin nan ja da fari na fitar da sauti. Idan naki haka yake, sai an sayi ɗan akwatin da ke juya sautin, wanda ba shi da tsada amma ƙarin waya ce a bayan teburi.

Masu sifika biyar, irin su Yamaha RX-V385 da Denon ɗin da na ambata a sama, sun warware wannan matsalar, domin dikoda da talabijin duk ta cikinsu za su bi. Ta Yamaha har da ɗan makirufo take zuwa, wanda ake ajiyewa a inda ake zama domin ta auna ɗakin ta daidaita kanta. Sai dai kuɗinsu ya fi na masu sifika biyu, ga sifika biyar da wufa da za a saya, ga wayoyin da za a zagaya da su bayan kujeru. Kuma yawancin abin da ake kallo a gidajenmu, daga tashoshin talabijin har finafinan Hausa da ake ɗorawa a YouTube, da sautin sifika biyu aka haɗa shi, don haka sifikokin baya ba za su sami aikin kirki ba. Da sifika biyar marasa inganci gara biyu masu daɗin murya. Idan yaran sun matsa, ki sayi risibar mai biyar ki fara da sifika biyu nagari, a riƙa ƙara sauran a hankali; tana aiki lafiya a haka.

Ki kuma sani cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kama gajeren zango. Idan kin saba jin BBC ko RFI ta nan, kada ki ba da ƙaramar rediyonki kyauta.

Tambaya: Na samu tsohuwar risiba ta hannu, 'yar Amurka, a farashi mai sauƙi. Nauyinta kaɗai ya burge ni. In saya?

Amsa: Nauyin alama ce mai kyau, domin yawancinsa na taransifoma ne da ƙarfen da ke shanye zafi, kuma tsofaffin risibobi na kamfanonin Japan da yawa suna ba sababbi na araha kunya. Amma akwai abin dubawa kafin ka biya. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230. Idan bayan na'urar bolt 120 kawai aka rubuta, kuma babu maɓallin sauyawa, jona ta kai tsaye sau ɗaya ya isa ya ƙone ta. Dole ka haɗa da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da risibar ke ja, ka kuma lissafa kuɗinta a cikin farashin tun kafin ka ce ta yi araha. Ka ɗaure kan wayar a jikin taransifomar yadda wani a gidan ba zai zare ya cusa a bango ba, domin ta haka yawancinsu ke mutuwa.

Sannan kada ka yarda da gwajin minti biyu. Ka sa a bar ta tana aiki kamar rabin awa, ka saurari kowane ɓangare shi kaɗai, ka murɗa kowane maɓalli. Ƙarar ƙaras-ƙaras yayin murɗawa yawanci datti ne, mai gyara zai wanke. Amma gurnanin da ba ya yankewa ko da an rage murya gaba ɗaya yana nuna kafasitocin wuta, wato sassan da ke tace wutar cikinta, sun tsufa, sai an canja su. Wadda ke kashe kanta idan ta ɗumama, ka bar wa mai ita. Wasu risibobin Amurka kuma suna tsallake tashoshin AM namu, saboda tazarar da ke tsakanin tashoshi a can ta bambanta da ta nan.

Tambaya: Na ƙara sifika biyu a kan biyun da nake da su domin sauti ya kai tsakar gida. Yanzu risibar tana zafi tana ɗaukewa, kuma siririn sautin sifika ɗaya ya mutu. Ko an sayar mini da jabu ne?

Amsa: Da wuya laifin na'urar ne. Idan aka haɗa sifika biyu masu om 8 a kafa ɗaya, nauyin da amfilifaya ke gani ya koma om 4, sai ta riƙa tura wuta kusan ninki biyu. Nan ne ainihin inda arahar risiba ke bayyana, domin inda kamfani ya rage kuɗi shi ne girman taransifoma da ƙarfen shanye zafi. Ɗaukewar da take yi kariya ce, tana ceton kanta daga ƙonewa. Ka karanta abin da aka rubuta a gefen kafofin sifika. Da yawa suna neman om 6 ko 8 zuwa sama, kuma masu kafofin A da B suna neman fiye da haka idan za a kunna su tare.

Ƙaramar sifikar da ke ba da siririn sauti, wadda ta mutu kuwa, abin da ya fi kashe irinta shi ne matsa wa amfilifaya ta wuce iyakarta. Idan ƙarfinta ya ƙare, sai ta riƙa datse kan sautin, wannan datsewar kuma tana tura wa ƙaramar sifikar wutar da ba a gina ta ta ɗauka ba. Da zarar ka ji murya ta fara tsagewa, ka rage. Ka kuma fitar da risibar daga cikin kabad ɗin da aka rufe, ka bar sarari a samanta, kada a ɗora mata dikoda ko ƙyallen ado, ka riƙa busa ƙurar hunturu daga ramukanta.

Tambaya: Gidana da sola da inbata nake amfani. Risiba ba za ta shanye mini batir ba?

Amsa: Irin risibobin da muka ambata suna ɓarar da kusan rabin wutar da suka sha a zafi, kuma suna ci ko da an rage murya. Idan rediyo bai dame ka ba, ka duba ƙananan amfilifayoyin nan da ake kira ajin D, irin na kamfanin Fosi Audio, waɗanda girmansu bai fi tafin hannu biyu ba. Suna mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsu sauti idan ana aiki da su sosai, kuɗinsu bai kai rabin na risiba ba, kuma sun ishi falo. Ƙarfinsu na gaskiya ya dogara da adaftar da aka haɗa musu, don haka nan ma lambar kwali ba abin dogaro ba ce. Idan ka tsaya a kan risiba, inbatarka ta zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin masu araha suna sa taransifoma gurnani da zafi. Mai amfani da wutar NEPA ko janareta kuma ya sa mata sitabilaiza.

Tambaya: Muna son sayen risiba domin masallacin unguwarmu, tunda ta fi araha. Za ta yi?

Amsa: Ba za ta yi ba, Allah Ya saka muku da alheri. Risibar gida ba ta da kafar makirufo ta magana, kuma ba a yi ta domin doguwar waya zuwa lasifikar kan hasumiya ba. Ku nemi amfilifayar taro irin ta TOA ko Ahuja, mai kafofin makirufo da layin bolt 100 na kai sauti nesa. Da yawa cikinsu suna aiki da batir mai bolt 12 ko 24, don haka kiran sallar asuba ba zai tsaya ba idan an ɗauke wuta.