Taɓin ajali da tattaka a kati ɗaya

Ɗan'uwa daga Gusau, ka tambaya: a wasan kati na Magic: The Gathering, dodonka mai ƙarfi 5/5 (bugu 5, juriya 5), mai taɓin ajali (deathtouch: ko ƙaramin rauni daga gare shi na kashe dodo) da tattaka (trample: rarar rauni na wuce mai tarewa), ya kai hari, an tare shi da dodo mai 4/4. Rauni nawa ke wucewa kan abokin wasa?

Huɗu. Taɓin ajali ya sa rauni 1 ya isa kisa, don haka ka ba mai tarewa 1, tattaka kuma ta sa sauran 4 su wuce. In biyu suka tare, kowa 1, uku su wuce.

Inda gardama ke tashi: ko mai tarewar irin dodon da ba ya hallakuwa ne (indestructible), 1 ɗin dai za ka ba shi. Ba zai mutu ba, amma huɗun sun wuce. Sai dai ka faɗi rabon da bakinka, kada ka bari a yi zato.