Ba tururi ne ke tura fistin ɗin ba

Ka ce ka ga hoton tsohon injin tururi a waya, mai ƙaton gungume a sama yana lilo kamar sikeli, kana mamakin ƙarfin da tururi ke da shi har ya motsa wannan jibgegen abu. To ajiye sufana ka matso, ɗana. A wannan injin tururi ba ya tura komai. Iskar nan da muke shaƙa, ita ke aikin.

Ɗauko goran roba ka zuba masa ruwan zafi kaɗan, ka girgiza, ka zubar, ka ɗaure murfin tamau, sannan ka tsoma shi cikin bokitin ruwan sanyi. Ka ga yadda ya lotse kamar an taka shi? Tururin ciki ne ya koma ruwa, matsin ciki ya ragu, iskar waje ta matse shi.

Da wannan dabarar Thomas Newcomen, wani mai sana'ar ƙarfe a garin Dartmouth na Ingila, ya kafa injinsa a 1712 a bakin ramin haƙar kwal kusa da Dudley. Ruwa ne ke cika wa masu haƙar ramuka, dawakai kuma sun kasa kwashe shi. Silindarsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa kamar murfi, a tsaye take bisa tukunyar tafasa ruwa, samanta a buɗe. Nauyin sandunan famfo da ke rataye a ɗaya ƙarshen gungumen shi ke jan fistin sama, tururi ya bi ya cika ƙarƙashinsa. Sai a rufe bawul, wato ƙofar shigar tururi, a fesa ruwan sanyi a ciki. Nan take iska ta danno fistin ƙasa, gungume ya ɗaga sanduna, ruwa ya hau. Kamar sau 12 a minti ɗaya. Ringi kuwa, zoben ƙarfen da ke toshe gefen fistin, babu. Fata ake zagaya wa fistin, a kwanta masa ruwa a kai don ya toshe kafa, saboda silindar ba ta yi daidai da'ira ba.

Aibinsa cin kwal. Kowane bugu sai a zafafa silinda, a sanyaya ta, a sake zafafawa, kamar mai girkin da ke kwara wa tukunya ruwan randa duk lokacin da ta tafasa. Masu ramin kwal ba su damu ba, abin a ƙofarsu yake. Masu haƙar kuza da tagulla a Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, da ake kawo musu kwal daga nesa, su suka ji a jikinsu.

James Watt ɗan gyara ne kamarmu, kayan awo yake gyarawa a Jami'ar Glasgow. Ƙaramin samfurin injin Newcomen aka ba shi gyara, a nan ya gano ɓarnar. A 1765 ya ce a bar silinda da zafinta, a yi wata tukunya daban mai sanyi inda tururi zai je ya koma ruwa. Ya yi wa dabarar rajista a 1769, kuma ta rage cin kwal da kusan kashi uku cikin huɗu.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne. Dabara tana hannu, inji ya ƙi, shekara da shekaru, don ba maƙerin da ke iya fitar masa da silinda santal. Tururi sai tsiyaya yake ta gefen fistin. Sai da John Wilkinson, wanda ya ƙware a huda bakin igwa, ya yi masa borin silinda da injinsa, wato ya kankare cikinta ya zama daidai da'ira, sannan Watt da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton suka kafa injinansu na farko a 1776. Ni a wurina, ana yawan cin haƙƙin Wilkinson a labarin nan.

Tururi mai matsi sosai, wanda kake zato tun farko, daga baya ya zo. Watt na tsoronsa don tukunya kan fashe. Richard Trevithick ne ya yi ta maza, har injinsa ya ja kaya a kan dogo a Wales a 1804.

Yanzu ka gane dalilin faɗan da na yi maka jiya da ka karɓo bulon injin mota daga wurin borin ba ka auna ba? Je ka ɗauko shi, ka zo da ringin mu gwada.